Tambaya da Amsa: Wane Littafi Zan Ba Abokina?

Wasiƙun wannan fitowa duk daga masu karatu ne da ke son jawo abokai da ƙawaye cikin abin da suke karantawa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokina ya ga ina yawan karanta littattafan Hausa, ya ce in zaɓa masa wanda zai fara da shi. Na ɗauko Magana Jari Ce duka ukun na ba shi, tunda shi na fi so. Bayan wata biyu ya dawo mini da su, ko na ɗaya bai kai rabi ba. Me ya jawo haka, kuma me ya kamata in ba shi?
Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Littafin ba shi da laifi, abokin naka ma haka. Da mudunka ka auna shi. Kai ka saba zama da littafi awa guda ba ka ɗaga kai ba, shi kuwa wataƙila rabonsa da ganin ƙarshen wani littafi tun yana sakandare. Mai irin wannan hali in ka dire masa littattafai uku a gaba, kaurinsu zai fara gani kafin daɗinsu. Ga shi kuma Magana Jari Ce ba ya soma zuba gajerun labaran da aka san shi da su tun shafin farko. Sai an bi ta kan labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da yadda aku ya shigo fada, sannan akun ya fara ba da labari dare bayan dare don ya hana Musa fita. A wannan shimfiɗar ce sabon mai karatu kan yi sanyi.

Kafin ka sake miƙa masa komai, ka lura da abu uku. Me ya fi jan hirarsa a majalisa, siyasa ce, ko tarihi, ko barkwanci, ko rikicin gidan aure? Wane lokaci yake da shi, minti goma sha biyar bayan Isha'i ko yammacin Juma'a sukutum? Sannan yana karanta Hausa a sake, ko har yanzu yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ?

Idan mafari ne sosai, ka nufi littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East. Tun asali don waɗanda ba su daɗe da koyon boko ba aka yi su, shi ya sa suke sirara, mai matsakaicin sauri zai gama ɗaya a zama biyu ko uku. Mai son dariya a ba shi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, domin ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba ta barin mutum ya yi gyangyaɗi. Mai son tarihi a ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi da uwarsa da ta bi sawunsa har cikin Sahara. Amma ka faɗa masa tun farko cewa littafi ne mai sosa zuciya, kada ya shiga da tsammanin raha.

Wanda hirarsa ba ta wuce cin hanci da yadda ake azurta dare ɗaya, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ne nasa, ɗaya daga littattafan wata gasar rubutu da aka buga a 1982, wanda ya ɗora labarinsa a kan fasa-ƙwauri da masu ɗaure masa gindi. Wanda kuma zancen kishiya da haƙƙin iyali ke tsaya masa a rai, a ba shi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Kada ka ce wannan na mata ne. A ganinmu magidanta sun fi kowa buƙatar karanta shi.

Yadda za ka miƙa littafin ma yana da tasiri. Guda ɗaya tak za ka ba shi. Ka faɗa masa abu uku kawai game da labarin: wane ne jigonsa, me yake nema, me ya tare masa hanya. Ƙarshen labari ba naka ba ne ka faɗa. In da hali ka karanta masa shafin farko a bayyane, domin Hausar waɗannan littattafai ta fi shiga ta kunne. Sai ka ce masa ya gwada shafi ashirin, in bai ji yana son ci gaba ba ya dawo da shi ka canza masa, ba wani abin jin nauyi. Yawancin littattafan da ke kwana wata da watanni a hannun aboki, kunyar cewa "bai yi mini ba" ce ke riƙe su. Magana Jari Ce kuwa ka ajiye masa zuwa karo na uku ko na huɗu, ka ba shi na ɗaya kaɗai, labari guda kowane dare.

Tambaya: Mu bakwai ne, ƙawaye, kowa na da sha'awar karatu. Sau biyu muna kafa zaman tattauna littafi, duka biyun ba mu wuce haɗuwa ta biyu ba. Mun buɗe zaure a WhatsApp, ya koma wurin gaisuwa da tallan atamfa. Ta yaya za mu yi ya ɗore?
Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: 'Yar uwa, bakwai adadi ne mai kyau. In kun gaza biyar, mutum biyu suka yi uzuri zama ya watse. In kun haura goma, wasu za su zo su tafi ba su ce uffan ba. Saboda haka ba yawanku ne matsalar ba. Abin da ke kashe irin wannan zama yawanci tsawon littafin farko ne, da ƙarancin kwafi, da nauyin da ke hawa kan mai masauki.

Ku fara da lissafi. Littafi mai shafi 120, in za a gama shi a mako biyu, kusan shafi 9 ke nan a rana. In a mako ɗaya ne, shafi 17 ko 18. Matar da ke da aiki da yara da girki za ta iya shafi 9, amma da wuya ta riƙe 18 kullum. Don haka littattafai biyu na farko kada su kai shafi 100, kuma ku kauce wa masu na ɗaya da na biyu da na uku har sai zaman ya kafu. Irin waɗannan sukan raba ku gida biyu, wasu sun kai na uku suna ɗokin magana, wasu suna na ɗaya suna toshe kunne.

Ba dole kowa ta sayi nata ba. Kwafi uku sun ishi mutum bakwai in haɗuwar wata-wata ce: uku su riƙe a makon farko, uku a na biyu, ta bakwai da duk wadda ba ta ƙarasa ba su samu a na uku, a haɗu a na huɗu. Ku tsara miƙawar bisa kusancin gida, ba bisa shaƙuwa ba, don littafi ya tashi daga hannu zuwa hannu ba tare da kuɗin mota ba. Kuɗin sayen kuwa ku yi shi kamar adashi, kowa ta zuba abu ƙayyadadde duk wata, mutum ɗaya ta riƙe ta kuma rubuta. Bayan tattaunawa kwafi ɗaya ya zauna a akwatin ƙungiya, biyun ku yi musanyarsu da wasu masu karatu.

Zaɓen littafi ya zama na karɓa-karɓa, a jefa ƙuri'a sau ɗaya a san jerin. Wadda juyi ya zo kanta ta kawo sunan littafi biyu da ita kanta ta karanta har ƙarshe, sauran su ɗauki ɗaya. Sharaɗin cewa ta karanta yana da muhimmanci, domin akwai littattafan da ke farawa lafiya sai a tsakiya a ci karo da batsa ko cin zarafin wata ƙabila, kuma ba daɗi a gano haka bayan an sayi kwafi uku.

Ranar haɗuwa ta zama tsayayya, misali Asabar ta ƙarshen wata, daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Ku yanke tun yanzu cewa ba girki. Ruwa ko zoɓo ya wadatar. Da zarar wata ta yi dambun nama da sinasir, ta gaba za ta ji dole ta yi fiye da haka, ta ukun kuma sai ta fara neman uzurin ɗage zaman. Wannan kaɗai ya rusa zaman ƙawaye da yawa.

Wadda ta kawo littafin ita ke jan zaman, ta zo da tambaya uku a rubuce. "Ya kuka ji littafin?" ba tambaya ba ce, amsarta "ya yi daɗi" ce, daga nan sai hira ta koma kan biki. A tambayi abin da sai an koma cikin littafin kafin a amsa: a wane shafi kika ji ba za ki iya ajiye shi ba? Wane hukunci tauraruwar ta yanke wanda ke ba za ki yanke ba, kuma me ya sa? Wane zare aka bari bai ƙullu ba? Kowa ta zo da sakin layi ɗaya da za ta karanta a bayyane. Wadda ba ta gama ba ta zo duk da haka, a ba ta dama ta fara magana, amma ta san ba za a ɓoye ƙarshen labari dominta ba.

Zauren WhatsApp kuwa ku mayar da shi allon sanarwa: wa ke riƙe da wane kwafi, yaushe za a miƙa, a gidan wa za a haɗu. Duk mai son yin magana a kan labarin ta fara rubuta lambar shafin da ta kai, don wadda ba ta iso nan ba ta tsallake. Talla da saƙonnin turawa a buɗe musu wani zauren daban.

In kun ga gajiya ta fara shigowa, ku saka wasan kwaikwayo a wata guda, kamar Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu, a raba 'yan wasa a karanta a wurin, ba wadda za ta ce ba ta shirya ba. Azumi kuma in ya gabato ku ɗage zaman da kanku, amma ku sa ranar dawowa da sunan littafin kafin ku rabu. Hutun da ba a sa masa ranar ƙarewa ba shi ke zama mutuwar zama.

Tambaya: Ina da littattafai masu yawa da na tara tun ina ɗalibi. Ba na iya hana aro, amma rabi ba sa dawowa, waɗanda suka dawo kuma bango a cire, tsakiya a zube. Ina mafita?
Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Amsa: Malam, ka fara raba su kashi biyu. Waɗanda har yanzu ake samu a kasuwa, musamman waɗanda ake sawa a manhajar jarrabawa don haka ake ta sake buga su, su ne na aro. Waɗanda aka daina bugawa, kamar da yawa daga littattafan kasuwar Kano na shekarun 1990 da marubutansu suka buga da kuɗinsu, ba sa fita daga gida. Mai so ya zo ya karanta a zaurenka.

Na aron ka samo musu ƙaramin littafin rajista mai gida huɗu: sunan littafi, sunan mai aro, ranar ɗauka, ranar dawowa. Ka rubuta a gabansa. Wa'adi mako biyu, littafi ɗaya a lokaci ɗaya, in mai kashi-kashi ne ba a ba da na biyu sai na ɗaya ya dawo. Ka kuma faɗa a fili cewa ba a ara wa wani, domin a hannu na uku littafi ke ɓata, inda mai riƙe da shi bai ma san mai shi ba. Ka rubuta sunanka a cikin bango da kuma wani shafi na tsakiya, tunda bango ne ke fara cirewa. In ka bar masu jira su yi layi a rajistar, tambaya ba za ta yi maka nauyi ba, gaskiya za ka faɗa: wane na jira, ranar Asabar zan aiko a karɓa.

Gyara kuwa, yawancin sirararan littattafanmu da 'yar waya biyu aka ɗinke su a tsakiya. Danshin damina na sa ta tsatsa, tsatsar ta ci takardar, shafukan tsakiya su zube. Ka cire wayar, ka huda rami uku a kan layin ninkin, sama da tsakiya da ƙasa. Ka sa allura da zare mai ƙwari ta ramin tsakiya daga ciki zuwa waje, ka shigo ta na sama, ka tsallaka ta ciki zuwa na ƙasa ka fita, ka dawo ta na tsakiya, sai ka ɗaure bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Kada ka liƙe yagewa da salatif, zafi na narkar da gam ɗinsa ya bar tabo rawaya. Kada kuma ka yi amfani da ƙullun sitaci ko na fulawa, kiran kyankyaso da gara ne. Littafin da ya jiƙe ba a shanya shi a rana, takardar za ta kakkantare. A sa farar takarda tsakanin shafuka, a tsayar da shi a inuwa inda iska ke bi, in ya kusa bushewa a danne shi da abu mai nauyi. Ma'ajiyar kuma ta ɗaga daga ƙasa, ta ɗan ja daga bango, kuma kada a ƙulle littafi a leda da damina, fumfuna zai yi.

Tambaya: Ƙawata ta biya kuɗin wani littafi da ake fitarwa a waya, tana turo mini shafukan kullum. Ni ma in na ji daɗin littafi nakan tura wa wasu. Ashe ba daidai yake da aron littafi ba?
Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ba daidai ba ne, ƙanwarmu. In kin ara wa ƙawarki littafin takarda, kwafi ɗaya ne ya bar hannunki ya koma nata. In kin tura fayil, naki na nan, nata ya samu, ita ma ta tura wa goma. Marubuciyar da ke fitar da littafi a WhatsApp ko Telegram takan saki shafukan farko kyauta, sauran sai an biya an nuna shaida a saka mutum a zauren masu biya. Wannan kuɗin shi ne duk abin da take samu na wahalar rubutun, kuma da yawansu kan rubuta a saman kowane shafi cewa ba su yafe a fitar ba. Haƙƙi ne, ko da doka ba ta yi magana ba, balle ta yi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Ko littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba su fita daga wannan kariya ba tukuna.

In littafi ya burge ki, ki tura wa ƙawarki sunansa da sunan mai shi da shafukan kyauta da hanyar biya. In kina son yi mata alheri ki biya mata. Ki kuma kula da masu sayar da tarin littattafan wasu a farashi mai rahusa. Ban da kasancewarsa kayan sata, sau da yawa an goge sunan marubuci, babi sun cakuɗe, ƙarshen ma babu. A biya ta asusun da marubuciyar ta sa da kanta a shafukanta.

Tambaya: Na yi karatuna da Faransanci. Abokaina na Kano suna aiko mini da sunayen littattafan Hausa, amma in na buɗe sai in ji ina tafiya a hankali kamar ɗan aji ɗaya, alhali Hausa ce harshen uwata. Da wanne zan fara?
Daga wani mai karatu a Tawa, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Ɗan uwa, ba Hausar ce ta yi maka wuya ba, idonka ne ya saba ba haruffa sautin Faransanci. Abin da za ka sake koya kaɗan ne. Harafin c shi ne tch, j shi ne dj, sh shi ne ch, u shi ne ou. Harafin h kullum ana furta shi, g ba ya sauya sauti a gaban e ko i, s ba ya zama z tsakanin wasula, sannan "an" da "in" ba a furta su ta hanci kamar a Faransanci. Abin da ake rubutawa ƴ a Nijar, a littattafan Najeriya 'y za ka gani. An yi zaman daidaita rubutun a Bamako a 1966, aka sake yi a Yamai a 1980, shi ya sa bambancin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, jimla ce ke fayyace kalma, don haka ka riƙa karantawa a bayyane, shafi biyu ko uku kullum na tsawon mako biyu. Kunnenka zai gyara abin da ido ya kuskure.

Sauran abin da zai tare ka karin harshe ne da kalmomin aro. Littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi kusa da Kananci, saboda haka inda kake cewa hwari za ka ga fari. Kalmomin zamani kuma daga Ingilishi suka shigo, biro a Najeriya alƙalami ne, wurin aiki kuwa ofis. Saboda wannan, tsofaffin littattafai irin su Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi za su fi maka sauƙi a kan sabbin labaran soyayya na birni, waɗanda wasunsu ke cusa jimlolin Ingilishi a cikin hira. Gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, su ma sun dace, ga su gajeru, ga shi ana karanta zaɓaɓɓu daga cikinsu a rediyo, sai kunne ya saba da karin kafin ido. Ka ajiye Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini a kusa, in kuma ka samu Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke fassara Hausa da Hausa, ya fi. Kada ka tsaya duba kowace kalma. Ka ja mata layi da fensir ka wuce, in ka kai ƙarshen babi ka duba waɗanda har yanzu ba ka gane ba. Abokan naka na Kano kuma ka roƙe su, duk littafin da za su ambata maka su haɗa da yawan shafukansa da shekarar da aka buga shi.